Kafin ku bar yara su kalli "Hannibal"

Idan kun tarar da fim ɗin Hannibal a wayar ɗanku, kada kyan birnin Florence na Italiya da ke cikinsa ya ruɗe ku. Fim ne na 2001 da Ridley Scott ya ba da umarni, ci gaban The Silence of the Lambs na 1991. Anthony Hopkins ya sake fitowa a matsayin Dakta Hannibal Lecter, likitan ƙwaƙwalwa mai kashe mutane yana cin namansu.

Abin da ya fi damun mu shi ne barkwancin da aka cusa a ciki. Lecter mutum ne mai ladabi, gwanin girki, ga iya zolaya. A wata liyafar dare ya buɗe ƙoƙon kan wani jami'in Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, ya soya yankin ƙwaƙwalwarsa ya ba shi ya ci, mutumin kuwa yana ta zuba surutu. Babba ya san ba'a ce mai ɗaci. Yaro ɗan shekara tara fa? Zai iya yin dariya tare da yayyensa, dare na yi barci ya gagara, ko ya ƙaurace wa nama kwana da kwanaki.

A Ingila sai ɗan shekara 18 aka yarda ya kalle shi.

In yaronku ya riga ya gani, kada ku rufe shi da faɗa. Ku tambaye shi wurin da ya fi tsorata shi, ku bayyana masa cewa kwalliya ce da dabarar kwamfuta, kuma ɗan wasan, Ray Liotta, ko ƙwarzane bai ji ba. Idan firgita cikin barci ta ɗauki makonni, ku kai shi asibiti.