Ƙulli a Gidan Ƙwai: Ba Kowane Ciwon Mara Ne Sankara Ba

Sau da yawa mace kan je asibiti da ciwon mara, a ɗauki hoton cikinta, likita ya ce ya ga ƙulli mai ruwa a gidan ƙwanta. Daga nan barci ya ƙaurace mata, don ta ɗauka sankara ce. Alhali kuwa galibin irin waɗannan ƙulle-ƙulle ba su da wata illa.

Ga yadda abin yake. Mace na da gidan ƙwai biyu, ɗaya a dama da mahaifa, ɗaya a hagu. Kowane wata ƙwai kan nuna cikin wata 'yar jaka mai ruwa, ta fashe ya fita. In jakar ba ta fashe ba, ko ta sake tara ruwa bayan ƙwan ya fita, sai ta zama ƙulli. Mafi yawansu kan baje da kansu cikin wata 2 ko 3. Shi ya sa likita kan ce a dawo a sake hoto kafin a yi maganar tiyata.

Tarihin hoton nan ma darasi ne. Daga cikin marasa lafiyar farko da Farfesa Ian Donald na Gilasgo ya duba da na'urar, akwai wata mata da aka yanke wa ƙauna, ana zaton sankara ce ta ci ƙarfinta. Hoto ya nuna ƙaton ƙulli ne mai ruwa, aka cire shi, ta warke. A 1958 ya wallafa sakamakon bincikensa.

Amma fa kada a yi sake. Wadda ciwo mai tsanani ya kama farat ɗaya a gefe guda na mara, tare da amai, jiri ko zazzaɓi, a garzaya da ita asibiti, domin mai yiwuwa gidan ƙwan ya murɗe ko ƙullin ya fashe. Jiƙe-jiƙe da gashin ruwan zafi ba sa warware wannan.

Ita sankarar gidan ƙwai ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, ko waɗanda aka taɓa samun ta, ko sankarar mama, a danginsu. Alamunta sun haɗa da kumburin ciki da ya ƙi sauka, saurin ƙoshi, yawan fitsari da rama. Gwajin jini na CA-125 yana taimakawa, sai dai shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin al'ada ko juna biyu ma kan ɗaga shi.

Saboda haka ma'aikaciya ko ɗaliba ta riƙa rubuta ranakun al'adarta da lokutan ciwon, ta kai wa likita, ta kuma yi tambaya ba tare da jin nauyi ba. Magidanta kuma su raka iyalinsu ranar komawa asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.