Zaɓen Batutuwan Al'ada Don Darasin Zance a Ƙaramar Sakandare

1.0 Gabatarwa

Tsarin ilimi na 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a Nijeriya a shekarar 1982, ya keɓe shekara uku domin ƙaramar sakandare. A wannan mataki ana sa ran ɗalibi ya iya bayyana kansa da Ingilishi, domin da shi zai rubuta yawancin jarrabawarsa. Sai dai yaron da ya tashi a ƙauye irin Tungar Guru, cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum ta Jihar Zamfara, ba ya jin Ingilishi a gida ko gona ko kasuwa. Saboda haka da zarar malami ya buɗe darasin zance, sai aji ya yi tsit. A nan za a yi bayanin yadda zaɓen batu daga al'adar ɗalibi yake magance wannan shiru.

2.0 Dalilin Shirun Ɗalibi

Mai magana da baƙon harshe kaya biyu yake ɗauke da su: abin da zai faɗa, da kuma yadda zai faɗe shi. Idan aka ce wa yaron Gummi ko Anka ya yi bayanin wasa cikin dusar ƙanƙara, an haɗa masa kayan biyu a lokaci guda. Idan kuwa aka ce ya bayyana yadda ake dama fura, an sauke masa na farko, saura kalmomi da ginin jimla. Masanin harshe Dell Hymes ya nuna a 1972 cewa sanin nahawu kaɗai bai isa ba, sai mutum ya san abin da ya dace ya faɗa, ga wa, kuma a wane muhalli. Muhallin da ɗalibi ya fi sani kuwa shi ne na garinsu.

3.0 Misali Daga Koriya ta Kudu

Wannan matsala ba ta tsaya ga ƙasar Hausa ba. Koriya ta Kudu, inda jama'a suke harkokinsu na yau da kullum da harshe guda, ta kafa shirin EPIK a 1995 domin kawo malamai daga ƙasashen da Ingilishi ne harshensu. Irin waɗannan malamai sukan nemi batun zance daga al'adun ɗalibansu, kamar bikin kaka na Chuseok, da haruffan Hangul da Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443, da kuma kimjang, wato taruwar dangi da maƙwabta domin sarrafa kabeji da gishiri da barkono a adana saboda hunturu. Hukumar UNESCO ta sanya kimjang cikin al'adun gado na duniya a 2013. Hikimar ita ce, ɗalibi ya fi baƙon malami sanin batun, don haka yana da dalilin buɗe baki.

4.0 Sharuɗɗan Zaɓen Batu

Ya kamata malami ya lura da abubuwa huɗu:

(a) Batun ya zama wanda kowane ɗalibi, namiji da mace, ya gani da idonsa.
(b) Ya dace da lokacinsa, kamar tashe a watan azumi, ko girbin gero da kaka.
(c) Ya ɗauki darasin nahawu guda ɗaya tak.
(d) Ya ba da damar saɓanin ra'ayi, domin inda kowa ya yarda zance ba ya tsawo.

Alal misali, bayanin yadda ake toya hoce yana koyar da jimlar umurni da jeranta matakai. Labarin sunan da aka yi a maƙwabta yana koyar da shuɗaɗɗen lokaci. Cinikin akuya a kasuwa yana koyar da tambaya da ƙidaya. Bayan ɗalibai sun saki baki ne za a kawo baƙuwar al'ada, a kwatanta gayya da kimjang, su faɗi inda suka yi kama da inda suka bambanta.

5.0 Batutuwa Masu Buƙatar Hattara

Ba kowane sanannen batu ne mai sauƙi ba. A shekarar 2010 gubar dalma da ta fito daga niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta halaka yara fiye da 400 a Zamfara, kuma Tungar Guru da 'Yargalma da Dareta da Abare suna cikin ƙauyukan da abin ya shafa. Ajin da ke wannan yanki zai iya ƙunsar waɗanda gidajensu suka yi rashi. Bai dace a tilasta wa yaro ba da labarin gidansu ba. Abin da ya fi shi ne a karkata zancen zuwa rigakafi, kamar nisanta niƙa daga gida da wanke hannu kafin cin abinci. Haka nan batun hare-haren 'yan bindiga, da duk abin da zai zama ba'a ga wata ƙabila ko sana'a, gara a kauce musu.

6.0 Kammalawa

Ke nan, zaɓen batu shi ne rabin darasin zance. Malamin Hausa yana da rawar takawa a nan, domin shi ya nazarci bukukuwa da sana'o'i da wasanni, shi kuma zai taimaki malamin Ingilishi wajen tsara su zango-zango. Wannan hanya tana aiki har ga mai koyar da Hausa ga wanda ba Bahaushe ba: ya fara da al'adar ɗalibin kafin ya kai shi ga ta Hausawa.