Tiyatar Ɗage Gira: Yaushe Take Magani, Yaushe Take Ado?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Bayan karatun magariba a nan Djougou, wani ɗalibi ya kawo mana tambaya. Mahaifinsa ya manyanta, girarsa ta zubo ta danne fatar ido, har sai ya ɗaga ta da yatsa kafin ya iya karanta Alƙur'ani. Ya ji ana tiyatar ɗage gira, amma yana tsoron kada ya zama canza halittar Allah ne.

Mu fara da abin da ke faruwa a jiki. Idan shekaru suka ja, fatar goshi tana sakewa, sai gira ta sauko. Ga wasu, fuska ce kawai ke nuna gajiya. Ga wasu kuwa, fatar tana tare saman gani, mutum ya yini yana ɗage goshi har kansa ya yi ciwo. Likita yakan tsaga fata a saman gira ko a gindin gashin kai, ya ja ta sama ya ɗinke. Aikin na iya barin tabo, ko mutuwar jiki a goshi, ko gira ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

To, ina hukunci? Hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim ya yi kakkausan gargaɗi a kan fige gira don neman kyau. Amma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfaja ɗan As'ad a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da sa na zinariya. Ke nan gyara lahani daban, ƙarin ado daban.

A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda Benin ke cikinta, ta yanke hukunci a zamanta na Maleziya a 2007: tiyata ta halatta don maido da aikin gaɓa ko kawar da cuta, amma ba a cire yamutsewar tsufa sai in ta zama ciwo, kuma an amince daga cutarwa.

Saboda haka muka ce wa ɗalibin ya kai baba wurin likitan ido, ko a nan ko a asibitin koyarwa na Parakou, a auna ganinsa. In girar ce ke tare gani, aikin magani ne, babu laifi. In kuwa don a ɓoye shekaru ne, a bari. Furfura da tsufa ba aibi ba ne ga Musulmi.

Abu ɗaya kada mu manta: in gira ko ɓarin fuska ya zubo farat ɗaya, wannan ba tsufa ba ne. A garzaya asibiti a ranar.

Allah ne mafi sani.