Ku Riƙa Kallon Kujerar Koci

Wanda ya taɓa leƙa zauren wasanni na makarantar sakandare a Amurka cikin hunturu ya san yadda kokawarsu take. Katifa shimfiɗe da da'ira a tsakiya, yara biyu, ɗaya da jan ƙyalle a idon sawu, ɗaya da kore. Turmi uku ake yi, kowane minti 2. A kokawarmu kaye ɗaya ke raba gardama, amma a can sai an danne kafaɗun mutum biyu a katifa na daƙiƙa 2, in ba haka ba a tafi lissafin maki. Yaran 'yan uwanmu mazauna can suna shiga, kuma iyaye kan je su zuba wa ɗansu ido, babu mai waiwayar mutumin da ke zaune kan kujera a kusurwar katifa. Shi ne koci, kuma shi ya kamata a fi sa wa ido.

Hukumar wasannin sakandare ta NFHS mai hedikwata a Indianapolis, wadda yawancin jihohi ke bin dokokinta, ba ta hana koci magana ba. Idan yana ganin alƙalin wasa ya karkata wajen aiki da doka, yana da damar zuwa teburin masu rubuta maki ya nemi a duba. Abin da ba shi da dama a kai shi ne jayayya da abin da idon alƙali ya gani. Ya yi haka sau ɗaya, gargaɗi. Na biyu, a zare wa tawagarsa maki 1. Na uku, maki 2, shugaban masu horarwa kuma ya bar wurin har ranar ta ƙare. Zagi ko cin zarafi ba shi da gargaɗi ma. To, nasara ta maki da ƙaramar tazara tana kawo wa tawaga maki 3 ne kacal, danne kafaɗa 6. Ke nan kocin da ya kasa riƙe bakinsa zai iya zubar da gumin da yaro ya yi minti shida yana tarawa.

Asarar maki ma mai sauƙi ce. Yaron da ya ga babba yana buga kujera, yana nuna alƙali da yatsa, gobe shi ma zai cire makarin kunnensa ya yi jifa da shi, ya ƙi ba abokin karawarsa hannu. Dukansu laifi ne a doka, domin musabaha bayan wasa wajibi ce. Alƙalan kuma gajiya suke yi. A 2022 NFHS ta ce kimanin alƙalai 50,000 na wasannin sakandare daban-daban sun ajiye usur tun daga kakar 2018 zuwa 2019, kuma wulaƙancin manya na cikin dalilan da aka fi ambata.

Ba cewa nake alƙali ba ya kuskure ba. A Disambar 2018, a jihar New Jersey, wani alƙali ya ce wa ɗalibi baƙar fata ɗan shekara 16 ko ya yanke dogon gashinsa ko ya haƙura da wasan. Aka sa almakashi a gefen katifa, jama'a na kallo. Yaron ya yi nasara, amma bidiyon ya zaga duniya, aka dakatar da alƙalin kaka biyu, jihar ta yi dokar hana wariya saboda gashi a 2019, NFHS kuma ta soke dokar tsawon gashi a 2020. Hukuma da doka ne suka gyara wannan ɓarna, ba ihun 'yan kallo ba.

Inda halin koci ya fi haɗari kuwa, ba a gaban jama'a yake ba. A bakin sikeli yake. Ana kokawar ne aji-aji bisa nauyi, sai wani koci ya ga in yaro ya sauka aji ɗaya zai fi cin wasa. Daga nan yaro ya fara kauce wa abincin dare, ya riƙa yawo da kofi yana tofar da yawu, ya saka rigar leda a ƙarƙashin rigar sanyi yana gudu don ya yi zufa. Uwa ta ga leɓe a bushe, ido ya faɗa, ta ce ai wahalar horo ce. Ba horo ba ne, ƙishirwa ce. A ƙarshen 1997, 'yan kokawa uku na jami'o'in Amurka sun mutu cikin 'yan makonni suna wannan rage nauyi na gaggawa.

Yau doka ta tsaya a kai. Kafin kaka ta fara ana gwada fitsarin yaro a tabbatar akwai isasshen ruwa a jikinsa, sannan a auna kitse: kada namiji ya gaza kashi 7 cikin 100, mace kashi 12. Daga nan ake fitar da mafi ƙarancin nauyin da zai iya sauka, kuma ba zai rage fiye da kashi 1.5 cikin 100 a mako ba. Yaro mai kilo 60, giram 900 ke nan. Rigar leda da ɗakin sirace don rage nauyi haramun ne. Mai ɗa da ke azumi ya ƙara lura, tunda a 'yan shekarun nan Ramadan na faɗowa dab da gasannin ƙarshen kaka.

Wannan sakamakon awo a rubuce yake, kuma uba ko uwa na da haƙƙin su ce a nuna musu. Idan abin da koci ke nema ya saɓa wa abin da ke takardar, ko ya mayar da zagi abincin yaro, kada a tare shi a bakin katifa cikin fushi. A rubuta rana da abin da ya faru, a kai wa daraktan wasanni na makarantar. In shi ma ya yi kunnen uwar shegu, kowace jiha tana da hukumar wasannin sakandare da ke karɓar ƙorafi.