Cokali ya fi ƙafa sauri: lissafin ci da motsa jiki

 

'Yan'uwa, duk wanda ya leƙa asibitin Maamobi ko na Korle Bu zai ga iyayenmu da yayyenmu a layin ciwon suga da hawan jini, kuma yawan ƙiba na cikin manyan dalilan waɗannan cututtuka. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Ghana a 2022 ya nuna kusan rabin mata masu shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Mu a Zongo mun saba kallon teɓa a matsayin alamar hutu, alhali jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa.

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Babban mutum yana buƙatar kimanin 2,000 zuwa 2,500 a rana, gwargwadon jinsi da shekaru da aikinsa. Idan abin da ya shiga ya fi abin da aka ƙona, jiki sai ya ajiye ragowar ta zama kitse. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Saboda haka wanda ya rage 500 kullum zai iya sauke kusan rabin kilo a mako.

Da yawanmu muna zaton motsa jiki kaɗai zai goge duk abin da baki ya ci. Mu yi lissafi. Mai nauyin kilo 70 idan ya yi tafiyar sauri ta minti 30 yana ƙona kalori kusan 140. Lemon kwalba ɗaya ma kusan 140 ne, kuma cikin minti biyu ake shanye shi. Babban cokali ɗaya na mai 120 ne, ƙaramin cokalin suga kuma 16. Mu ƙirga cokali nawa muke zubawa a koko da ataya da sobolo, da irin man da ƙosai da funkaso suke sha, da taliya da gari da soyayyar ayaba da muke ɗorawa kan waakye. Cokali ya fi ƙafa sauri.

Ba cewa muke a bar abincin gida ba. Wake da gero da miyar ayoyo da ake cin tuwon zafi da ita abinci ne nagari. Gyaran yana cikin yawa da abin da ake ƙarawa: a rage malmalar tuwo, a yawaita ganye, a sha ruwa maimakon lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada suga ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin ƙananan cokula 12. Musulunci ya riga ya yi wannan horo. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta hana almubazzaranci a ci da sha, hadisin da Tirmizi ya ruwaito kuma ya koyar da raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi.

To, mene ne amfanin motsa jiki? Shi ke ƙarfafa zuciya, ya taimaka wajen sauke suga da hawan jini, ya kare tsoka, ya kuma hana nauyin da aka sauke dawowa. Hukumar ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Wannan ba ya buƙatar kuɗi. Mazaunin Nima zai iya takawa zuwa Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, ga lada a kowane taku. Mu sauka daga trotro kafin tasharmu. Matasa su buga ƙwallo a filin Kawukudi, ɗalibai su miƙe daga kan littafi da waya lokaci-lokaci. Iyayenmu mata su haɗu su zaga unguwa bayan Asuba, maza kuma su ƙarfafa musu gwiwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) har sau biyu.

Sai gargaɗi. Kada a horar da kai da yunwa ko a dogara da shayin rage ƙiba, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai shan maganin suga ko na zuciya su nemi shawarar likita kafin su sauya ci. A watan Ramadan kuma mu kula, faranti biyu na soye-soye lokacin buɗa-baki kan mayar da abin da azumin yini ya rage.

Mu fara da abu biyu a wannan makon: rage rabin sugan koko, da tafiyar minti 30. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.