Tsakanin Dara da Macijin Waya

A Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, da ƙauyukan Hausawan da noman auduga ya tara a Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, bayan la'asar ne aiki yake sakin mutum. Wasanni biyu na iya cinye wannan ɗan lokacin. Akwai dara, wadda kakanni suka sani tun suna ƙasar Hausa. Akwai kuma Slither.io, wasan macijin da wani Ba'amurke, Steve Howse, ya fitar a 2016, wanda duk mai waya da intanet zai iya buɗewa.

Dara ba ta neman komai sai ƙasa. A tona gurbi talatin, layi biyar na shida-shida, kowa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara. Shi kuwa maciji ba ya neman fili ko abokin zama. Ka rubuta suna ka danna, sai ka tsinci kanka cikin taron macizai masu launi-launi, kowanne da mutum a bayansa, wani a Masar, wani a Turkiyya.

Gwanin dara tun wajen dasawa yake cin wasa. A lokacin ba a yarda ka jera uku ba, don haka kowane ɗa da ka ajiye tanadi ne na gaba. In an gama dasawa sai a riƙa matsar da ɗa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗa guda na abokin wasa; huɗu a jere ba ci ba ne. Abin da gwani ke farauta shi ne ya shirya gidansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gurbi biyu, in ya je ci, in ya dawo ci. Wanda aka ɗana wa wannan, gara ya share gurbi a sake sabuwa.

A wasan maciji babu dasawa, ana haifar ka ne cikin rikici. Doka ɗaya ce: kanka ya taɓa jikin wani, ka mutu, jikinka ya watse ya zama abincin jama'a. Mai hankali yakan fara daga gefen fili yana tsintar ɗigon haske, ko ya bi bayan wani ƙato yana cin abin da ya zubar. Akwai gudu, amma gudun yana rage maka tsawo, saboda haka ba a kashe shi sai wajen shan gaban wani. In ka yi tsawo, sai ka nannaɗe ƙarami kana matse da'irar har ya rasa mafita. Inda aka fi mutuwa kuwa shi ne kan gawar babba, kowa ya rugo ido rufe. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mai haƙuri yakan tsaya a bakin taron ya kwashe gawar masu rububi.

A nan macijin ya fi dara adalci ga sabon shiga. Yaron da ya fara dara jiya ba zai ci dattijon da ya shekara talatin a bakin gurbi ba, sai dai dattijon ya bar masa. Amma ɗan mitsitsin maciji na iya kayar da wanda ya fi kowa tsawo da gilmawa ɗaya. (Ko a irin waɗannan wasanni ba kowanne ke da wannan hali ba, a Agar.io na 2015, babba ne ke haɗiye ƙarami.) Ga kuma yarinyar da ba za ta zauna a dandalin maza ba, wayar ba ta tambayarta ko ita wace ce.

Sai dai cin dara yana da shaidu. 'Yan kallo na tsugune, wani na tari don ya ankarar da abokinsa, wani matashi ya ce, "Baba, ka bar gida a buɗe fa," a yi dariya, gobe a rama. Kuma tana da ƙarshe: wanda ba zai iya sake jera uku ba an cinye shi. Maciji ba a gama shi. Iyakar nasara sunanka ya hau jerin goma na farko, ka mutu ya goge, kuma wanda ka kayar ba zai taɓa sanin ɗan Mai Wurno ne ya yi masa ba.

Akwai kuma wani alƙali da ba ya cikin dokar wasan maciji, wato sabis. In ya yi rauni, macijinka yakan daskare, kafin hoto ya dawo ka afka wa wani. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disamban shekarar, a Fabrairun 2024 kuma layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke. Wanda ya biya kuɗi ya samu sa'a guda ta Starlink, neman labarin dangi da karɓar kuɗi ne a gabansa. Amma yaƙin bai ƙyale dara ba. Ita ma tana buƙatar mutum biyu da suka san juna, da inuwa, da kwanciyar hankali, kuma su ne gudun hijira ya fara watsawa. Saurayin da ya tsinci kansa a Gadarif ba shi da abokin dara, wayarsa kuwa na aljihu.

In aka ce in zaɓa, dara zan ɗauka, don a cikinta wanda aka ci ya san inda ya kuskure, babu sabis ɗin da zai ɗora wa laifi. Macijin kuma a bar wa yaro ya huce haushin dattijon da ya cinye shi sau uku a jere.