Hitar Da Ta Ƙi Mutuwa: Gobarar Da Ke Kwana A Ɗakunanmu

Daga Wakilinmu

Da zarar hunturu ya kankama, watau daga watan Disamba zuwa Fabrairu, kasuwar masu sayar da kayan ɗumama ruwa takan buɗe a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa. Ma'aikacin da zai fita ofis da sassafe, da ɗalibin da zai shiga aji ƙarfe takwas, babu mai son taɓa ruwan randa. Saboda haka sai a koma ga hitar bokiti, da butar lantarki, da risho na lantarki, wasu gidajen kuma da babbar hitar da ake kafawa a bangon banɗaki. Duka waɗannan, har da dutsen guga, 'yan gida ɗaya ne, kuma cutarsu ɗaya ce: ranar da suka ƙi mutuwa, to, gidan da suke ciki yana bakin haɗari.

Abin ya fi shafar garuruwan da ɗalibai suka yi yawa. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda Gwamnatin Tarayya ta karɓa a 2007, Babura kuwa tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Ɗakin ɗalibi, kamar yadda kowa ya sani, a nan katifa take, a nan littattafai suke, a nan kuma ake girki da guga, sau da yawa a kan soket ɗaya tak. Haka ma ɗakin ma'aikacin da ke rufe ƙofa ran Juma'a ya tafi wajen iyalinsa, ba ya dawowa sai Litinin.

Yadda abin yake aiki

Cikin kowace irin wannan na'ura akwai wata nannaɗaɗɗiyar waya da ke yin zafi idan lantarki ya ratsa ta. Wani Ba'amurke mai suna Albert Marsh ne ya yi rajistar irin ƙarfen da ake yin ta da shi a 1906. Ita wannan waya ba ta san ya isa ba. Muddin wuta na shiga, zafi ƙaruwa zai yi ta yi. Don haka aka sanya mata mai gadi, wanda masu gyara ke kira tamostat. Yawanci wani ɗan siririn falle ne da aka yi da ƙarafa iri biyu a manne, kamar tagulla da baƙin ƙarfe. Da yake ɗayan ya fi ɗayan miƙewa in ya ji zafi, sai fallen ya lanƙwashe, ya raba wasu bakuna biyu da wuta ke bi, wutar ta yanke. In ya huce ya miƙe, ta dawo. Wannan ne ƙaramin sautin nan na "ƙas" da ake ji a dutsen guga, sa'ad da 'yar fitilarsa ta mutu.

A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Amurka da Kanada, inda ake ɗumama gida ɗungurungum da murhun lantarki, wannan dabara ce dai ake amfani da ita, kuma su ma sukan sha fama da ranar da mai gadin ya gaza.

Inda ɓarnar take

Dalili na farko, kuma mafi yawa, shi ne mannewar bakunan nan biyu. Duk lokacin da suka rabu ko suka haɗu, ɗan tartsatsi yakan tashi a tsakaninsu. Yau da gobe sai su ci, su yi kaushi, wata rana su manne kamar an yi musu walda. Daga nan ko an murɗa makunnin zuwa ƙarshe, wuta ba za ta yanke ba.

Na biyu, aikin gyaran ganin ido. Idan tamostat ya lalace, wani mai gyara, don ya sauƙaƙa wa mai kaya kuɗi, yakan cire shi ya haɗa wayoyin kai tsaye. Na'urar za ta yi zafi fiye da da, mai ita ya yi ta sa albarka, alhali an kori mai gadi ne an bar ƙofa a buɗe. Araha dai ba ta ado.

Na uku, kuskuren wayarin. A ƙa'ida, makunnin bango kan wayar da ke ɗauke da wuta ake sa shi. In aka yi kuskure aka sa shi a kan ɗaya wayar, to, ko an kashe, wuta tana nan cikin na'urar. Idan kuma wayar zafin ta tsage ta taɓa jikin ƙarfen, sai lantarki ya sami wata hanyar wucewa, na'urar ta ci gaba da zafi, jikinta kuma ya riƙa jan mutum.

Na huɗu ya shafi butar lantarki. Tururi ne ke kashe ta, domin shi ke bi ta wata 'yar kafa ya isa ga tamostat. In murfin bai rufu sosai ba, ko ya karye, sai tururin ya tsere, butar ta yi ta tafasa har ruwan ya ƙone.

Ita kuwa hitar bokiti, wadda ta fi kowacce araha da farin jini wajen ɗalibai, yawancinta ba ta da mai gadi ko kaɗan. Hannun mai ita ne kaɗai makunninta. In ruwa ya ƙafe, bokitin roba ne zai narke, sa'an nan leda ko tabarma ta kama.

Ɗauke wuta ba kashewa ba ne

Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, zuwa PHCN a 2005, har zuwa kamfanin KEDCO da ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, jama'a sun saba da a ɗauke wuta a kawo. Wannan sabo shi ke ɓoye cutar. Na'urar da ta lalace takan huce in an ɗauke wuta, mai ita ya zaci lafiya lau take, ya bar ta a jone ya kwanta ko ya kulle ɗaki. Can tsakar dare a kawo wuta, babu kowa a kanta. Ko da Allah Ya tsare gobara, akwai hasarar kuɗi: dutsen guga mai ƙarfin wat 1,000 da ya kwana awa 8 yana ci ba tsayawa, ya cinye yunit 8 ke nan a mita.

Abin da ya kamata a yi

Da farko a raba na'urar da wuta. In mai fulogi ce, a kashe soket a zare, da busasshen hannu da takalmin roba a ƙafa. In fulogin ya narke ko yana hayaƙi, kada a taɓa shi. A je a kashe babban makunnin gida da ke kusa da mita. Ya kamata kowane baligi a gida ya san inda wannan makunni yake tun kafin ranar bukata.

Bayan ta huce, mai ita yana iya ɗan bincike ba tare da ya kwance komai ba. Ya murɗa makunnin tamostat a hankali daga farko zuwa ƙarshe yana saurare. In bai ji "ƙas" ba, alama ce bakunan sun manne. Ya duba fulogi da soket ko sun yi baƙi, ya duba murfin buta. Iyakar aikinsa ke nan. Saura na ƙwararren mai gyara ne, wanda zai auna da na'urar awo, ya sake sabon tamostat irin na asali. A kuma gaya masa ƙarara cewa ba a yarda da haɗi kai tsaye ba.

Har wa yau, kada a raina fis. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, fulogin nan mai ƙafa uku kuwa fis ɗinsa mafi girma amfiya 13 ne, watau iyakar abin da zai ɗauka wajen wat 3,000. Wanda ya jona risho da buta da dutsen guga a wuri guda ya wuce wannan iyaka. Wanda kuma ya maye gurbin fis da guntun waya ko takardar alminiyam, ya cire kariya ta ƙarshe da ta rage masa.

Babbar hitar bango tana bukatar kulawa ta musamman. Akan saita ta wajen digiri 60. In tamostat ya gaza, ruwan zai kai ga tafasa, shi kuwa ruwa in ya zama tururi yakan kumbura fiye da sau 1,500. Akwai wata 'yar mafita a jikin bututunta da ke sakin ruwa in matsi ya yi yawa. Wasu in sun ga tana ɗiga sukan toshe ta, wannan kuwa ganganci ne da ke iya fasa tankin. In famfo ya fara tofar da tururi, a kashe wuta nan take.

In har wuta ta kama, kada a watsa ruwa sai an kashe babban makunni. A fitar da yara, a yi amfani da yashi, a kuma aika wa 'yan kwana-kwana da gaggawa.

Kira a nan shi ne ga masu gidajen haya da hukumomin makarantu, su sa a riƙa duba wayarin ɗakuna kafin shigowar sanyi. Ga sauran jama'a kuwa, dokar guda ce: duk abin da ke yin zafi, a zare shi daga soket kafin barci da kafin fita, akwai wuta ko babu. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyashe mu, amin.